Waiwaye: Yadda Manhajar Hira Ta Shiga Muhawara da Masu Zargin Maƙarƙashiya

A watan Satumba na 2024 mujallar Science ta buga wani bincike da ya taɓa abin da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe suna ɗauka tabbas ne. Masu bincike uku, Thomas Costello da Gordon Pennycook da David Rand, sun sa Amurkawa 2,190, kowannensu mai imani da wani zargin maƙarƙashiya, su yi hira da manhajar ƙirƙirarriyar basira. Hirar ba ta kai minti goma ba, amma ƙarfin imaninsu ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100, kuma da aka sake tuntuɓar su bayan wata biyu ragin yana nan. Wani zai ce kashi ɗaya cikin biyar ba abin a zo a gani ba ne. Sai mutum ya san yadda masana suka fid da rai a kan wannan matsala shekara da shekaru, sannan zai gane dalilin da ya sa sakamakon ya tayar da ƙura.

Lokacin da aka ɗauke shi tamkar ciwo

Zargin maƙarƙashiya shi ne mutum ya tabbata a ransa cewa wasu tsiraru masu ƙarfi ne suka ƙulla wani babban al'amari a ɓoye, suka kuma shafe sawunsu, alhali hujja ba ta nuna haka ba. Tsohon abu ne, kuma ya sha cin rayuka. A 1348 da 1349, lokacin da annoba ke lashe Turai, an yaɗa cewa Yahudawa ne suka zuba guba a rijiyoyi, aka yi ta kashe su gari bayan gari. Sai dai nazarin abin a ilmance bai kankama ba sai bayan yaƙin duniya na biyu, kuma a Amurka ya fi ƙarfi.

A 1954 masanin halayya Leon Festinger da abokan aikinsa suka kutsa cikin wata ƙaramar ƙungiya a yankin Shikago. Shugabarta, Dorothy Martin, ta sanar cewa ambaliya za ta halaka duniya ranar 21 ga Disamba, kuma wani jirgi zai sauko daga sama ya kwashe mabiyanta. Ranar ta zo ta wuce, babu ruwa, babu jirgi. A labarin da Festinger ya bayar cikin littafinsa na 1956, wasu mabiyan ba su ja da baya ba, sai ma suka ce imaninsu ne ya sa aka tausaya wa duniya. Daga nan aka ɗauki darasin da ya yi tasiri ƙwarai: idan mutum ya riga ya zuba ransa a kan wata aƙida, gaskiyar da ta ci karo da ita ba ta cika kayar da ita ba, sai dai ya nemo mata wata fassara.

Ranar 22 ga Nuwamba 1963 aka harbe Shugaba John Kennedy a Dallas. Hukumar binciken da Alƙalin Alƙalai Earl Warren ya jagoranta ta kammala a 1964 cewa mutum ɗaya ne ya yi harbin, amma jama'a ba su gamsu ba. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna a 1976 kashi 81 cikin 100 na Amurkawa suna ganin akwai hannun wasu, kuma har a 2023 adadin yana kashi 65. Cikin wannan yanayi ne masanin tarihi Richard Hofstadter ya buga shahararriyar maƙalarsa a mujallar Harper's a watan Nuwamba na 1964, inda ya siffanta wani salon siyasa mai cike da tsoro da tuhuma da ganin abokin gaba a kowane lungu. Ya fayyace cewa ba yana nufin masu wannan ra'ayi suna da taɓin hankali ba. Duk da haka, abin da ya zauna a zukatan masu karatu shi ne cewa wannan hali ne na wasu irin mutane, waɗanda sai dai a yi nazarinsu daga nesa.

Binciken da ya biyo baya ya ƙara ɗaure wannan fahimta. A binciken da ya buga a 1994, Ted Goertzel ya yi wa mutane tambayoyi a jihar New Jersey, ya gano cewa wanda ya yarda da zargi ɗaya ya fi saurin yarda da wasu, ko da ba su da alaƙa. A 2012 Michael Wood da Karen Douglas da Robbie Sutton na Jami'ar Kent a Ingila suka ba da rahoton cewa masu ganin an kashe Gimbiya Diana ne da gangan sun fi karkata ga yarda cewa ƙila ita ce ta shirya mutuwar ƙarya tana raye a wani wuri. Masana suka ce ke nan ba hujja ce ke riƙe da mutumin ba. Abin da ke riƙe da shi buƙatun zuciya ne: son samun tabbas a lokacin ruɗani, son jin cewa yana da iko da rayuwarsa, da son ganin shi da mutanensa su ne masu ido a buɗe. Idan kuwa haka ne, kawo masa hujja ɓata lokaci ne.

Tsoron gyara

A 2010 aka kai ƙololuwar wannan fid da rai. Brendan Nyhan da Jason Reifler suka buga gwajin da suka yi kan batun makaman ƙare dangi da aka ce Iraƙi ta mallaka. Da aka nuna wa wasu masu ra'ayin riƙau bayanin cewa ba a samu makaman ba, sai suka ƙara yarda cewa akwai su. Labarin ya bazu a jaridu da littattafai, har ya zama gargaɗin da ake yi wa 'yan jarida da ma'aikatan lafiya: kada ka yi gaggawar ƙaryata jita-jita, za ka iya ƙara mata ƙarfi.

Wannan tsoro bai jure gwaji ba. Thomas Wood da Ethan Porter sun sake gwada abin a kan mutum fiye da 10,000 da batutuwa 52, suka buga sakamako a 2019. Ba su ga gyara yana ƙara taurin kai ba. Galibin mutane sukan matsa kaɗan zuwa ga gaskiya idan aka nuna musu ita. Amma matsawar ƙarama ce, kuma takan dushe da sauri.

Wasu suka koma ga wata tsohuwar dabara ta William McGuire tun shekarun 1960, wato a riga ƙarya isa wurin mutum, a nuna masa irin salon yaudarar da za a zo masa da shi. Sander van der Linden da Jon Roozenbeek na Jami'ar Cambridge sun gina wasan intanet mai suna Bad News a 2018 a kan wannan tushe, inda mai wasa yake zama maƙirƙirin labaran ƙarya don ya gane dabarunsu daga ciki. Dabarar ta yi amfani ga wanda bai riga ya faɗa ba. Wanda ya riga ya yi nisa kuwa, ba a samo masa magani ba. A 2023 masu bincike a Jami'ar Cork ta ƙasar Ayalan suka tattara nazarce-nazarce 25 kan hanyoyin rage imani da zargin maƙarƙashiya, suka iske yawancinsu ba su tsinana wani abin kirki ba.

Na'urar da ta koyi magana

Ana cikin wannan, wata tafiya daban tana gudana a ɗakunan binciken kwamfuta. A 1966 Joseph Weizenbaum na cibiyar MIT ya ƙera ELIZA, manhajar da ke juya maganar mutum ta mayar masa da ita a sigar tambaya. Ba ta fahimtar komai, amma mutane suka riƙa buɗe mata cikinsu, har sakatariyarsa ta nemi ya fita daga ɗakin don ta yi hira da ita a keɓe. Abin ya tsorata Weizenbaum, ya ƙare rayuwarsa yana gargaɗi kan saurin da ɗan Adam ke yi wajen amince wa na'ura.

Shekara hamsin bayan haka, a watan Maris na 2016, kamfanin Microsoft ya saki manhajar Tay a Twitter don ta koyi hira daga jama'a. Kafin kwana ɗaya ya cika masu ɓarna sun koya mata kalaman ƙiyayya da musun kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, dole aka rufe ta. Da cutar korona ta ɓarke a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe layin amsa tambayoyi a WhatsApp, a Faransa kuma Sacha Altay da Hugo Mercier da abokan aikinsu suka nuna cewa manhajar da ke amsa tambayoyi kan rigakafi tana iya sassauta ra'ayin masu ɗari-ɗari. Sai dai duk waɗannan amsoshi ne da aka rubuta tun da farko. Mutum yana zaɓar tambaya daga jeri, a ba shi abin da aka tanada. Idan damuwarsa ba ta cikin jerin, shi ke nan.

Fitowar ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba 2022 ta sauya lissafi. Yanzu an samu manhajar da aka horar da ita da tarin rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, wadda ke iya karanta abin da mutum ya rubuta da kalmominsa ta kuma tsara amsa nan take. Abin da ya fara zuwa zukatan mutane tsoro ne, kuma tsoro mai dalili: na'urar da za ta iya rubuta labarin ƙarya dubu a cikin awa ɗaya. Costello da abokansa suka dubi abin ta ɗaya gefen.

Gwajin 2024

Tunaninsu mai sauƙi ne. Masu imani da zargi ɗaya ba dalili ɗaya ne ya kai su ba. A cikin masu cewa gwamnatin Amurka ce ta shirya harin 11 ga Satumba 2001, wani abin da ya tsaya masa a rai shi ne man jirgi ba ya narkar da ƙarfe, wani kuwa wani gini na kusa da ya rushe ba tare da jirgi ya doke shi ba, wani kuma yadda hukumomin leƙen asiri suka yi sakaci da gargaɗi. Takardar ƙaryatawa guda ɗaya da aka rubuta wa kowa da kowa ba za ta taɓa dukkansu ba. Mai zargin kuma sau da yawa ya fi mai gyara masa sanin ƙananan bayanan batun, domin ya kwana a kai. Ƙila ke nan ba hujja ce ta gaza ba tun farko, masu kawo ta ne ba su kawo wadda ta dace da mai tambaya ba.

Sai suka tsara gwajin haka. Kowane mutum zai rubuta zargin da ya yarda da shi da kuma dalilansa, da bakinsa. Manhajar, wato GPT-4 Turbo, za ta taƙaita shi a jimla ɗaya, shi kuma ya auna yardarsa daga 0 zuwa 100. Daga nan su yi musayar magana sau uku, an umarci manhajar ta yi ƙoƙarin shawo kansa. Wani rukunin kuma aka sa su hira da manhajar kan abin da bai shafi zargin ba, don a samu abin kwatantawa.

A ɗauki mai maganar man jirgi. Amsar da ta dace da shi takan fara da amincewa cewa gaskiya ne, wutar man jirgi ba ta kai zafin da ke narkar da ƙarfe ba, wanda ya kai wajen digiri 1,500. Sannan ta bayyana cewa ba sai ƙarfe ya narke gini ke faɗuwa ba, domin tun a wajen digiri 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, ga kuma nauyin benayen da ke sama da ginshiƙan da jirgin ya riga ya karya. Ba a ce masa wawa ba, ba a kuma kauce wa tambayarsa ba. An karɓi abin da ke daidai a maganarsa, aka nuna masa inda lissafin ya kuskure.

Sakamakon ya bayyana a kan batutuwa iri-iri: kisan Kennedy, saukar ɗan Adam a duniyar wata, cutar korona, zaɓen Amurka na 2020, ƙungiyoyin asiri. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya sauko ƙasa da rabin ma'auni, wato ya daina yarda da zargin. Har waɗanda suka ce zargin yana da matuƙar muhimmanci a rayuwarsu sun motsa. Ƙwararren mai tantance labarai ya duba maganganu 128 da manhajar ta faɗa, ya samu kashi 99.2 cikin 100 gaskiya ne, sauran masu iya ruɗarwa, babu ƙarya ko ɗaya. Akwai kuma wani abu mai nauyi: 'yan kaɗan da suka kawo maƙarƙashiyar da ta faru da gaske, manhajar ba ta rage musu yarda ba.

Masu binciken sun buɗe shafin DebunkBot don kowa ya gwada, suka kuma ci gaba da tono dalilin nasarar. Da aka hana manhajar kawo hujjoji, aka bar ta da lallashi kawai, tasirin ya zube. Da aka sa mutane suka ɗauka da ɗan Adam suke magana, tasirin bai ɓace ba. Wannan ya nuna ba kwarjinin na'ura ba ne ya yi aikin. Hujja ce da aka kawo daidai wurin da ake buƙatarta, cikin ladabi, ba tare da gajiya ko fushi ba.

Inda zargi yake da tushe

Duk wanda zai yi wannan aiki dole ya riƙe cewa masu mulki da kamfanoni sun sha ƙulla abubuwa a ɓoye da gaske. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta Amurka ta bar ɗaruruwan baƙaƙen fata a Tuskegee da ciwon tunjere ba magani, don a ga yadda cutar ke ci. A 1975 aka fallasa shirin MKUltra na hukumar CIA, wanda aka riƙa ɗura wa mutane ƙwayoyi ba da saninsu ba. A 2011 hukumar ta fake da shirin rigakafi na bogi a Abbottabad ta Pakistan wajen farautar Usama bin Laden, abin da ya jefa ma'aikatan rigakafi na gaskiya cikin haɗari.

Arewacin Najeriya ya san wannan darasi da jikinsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, inda 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi ya ce cutar ce ta kashe yaran, daga baya a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan kuɗin da ya kai dala miliyan 75. Da aka fara yaɗa cewa ɗigon rigakafin shan inna yana ɗauke da sinadarin hana haihuwa, zargin ba gaskiya ba ne, amma ya tarar da jama'ar da ke da dalilin tsoro. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. An dakatar da rigakafin a Kano daga 2003 har zuwa ƙarshen Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, yara da yawa suka nakasa.

Abin da ya warware matsalar ya yi kama da abin da gwajin 2024 ya gano, sai dai mutane ne suka yi shi. An gwada maganin a ɗakunan bincike, aka kawo wanda aka haɗa a Indunusiya, sarakuna da malamai suka shiga gaba, mata 'yan unguwa suka riƙa bi gida-gida suna sauraron uwa suna amsa mata tambayarta. Aikin ya ci shekaru, ya ci rayukan ma'aikata, har aka kai ga 25 ga Agusta 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Manhajar da za ta ce wa ɗan Kano babu abin da ya taɓa faruwa ta yi ƙarya, kuma zai gane. Wadda za ta amfane shi ita ce mai iya cewa: abin da ya faru a 1996 ya faru, ga kuma dalilin da ya sa batun ɗigon rigakafi ya bambanta.

Abin da ya rage

Bai kamata a kambama nasarar ba. Mutum uku cikin huɗu sun tashi daga hirar suna kan zarginsu, ko da ya yi sauƙi. Waɗanda aka gwada Amurkawa ne masu jin Turanci, waɗanda aka biya su shiga bincike. A rayuwa ta yau da kullum, wa zai ɗauki wayarsa don kansa ya nemi a rushe masa abin da ya yi imani da shi? Ga kuma batun harshe. Manhajojin nan sun fi ƙwarewa a harsunan da suka cika intanet, alhali jita-jita a ƙasar Hausa ta fi yawo ta saƙon murya a WhatsApp da hirar majalisa. Kafin a ce abin zai yi aiki a Kano ko Damagaram, sai an gwada shi a can, da Hausa, a kan zarge-zargen da mutanen wurin ke yi.

Babbar damuwa ita ce wanda ke riƙe da linzami. A watan Mayu na 2025 manhajar Grok ta kamfanin xAI ta riƙa cusa maganar wai ana yi wa fararen fata kisan kiyashi a Afirka ta Kudu cikin amsoshin da ba su da alaƙa da batun, kamfanin ya ce wani ne ya sauya mata umarni ba da izini ba. Wannan ya nuna cewa 'yan layukan umarni da mai amfani ba ya gani suna iya juya abin da miliyoyin mutane za su ji. Iya shawo kan mutum ba ya tafiya dole tare da gaskiya. Manhajar da ta iya fitar da mutum daga zargi, in aka umarce ta, za ta iya tura shi ciki.

Saboda haka akwai abubuwan da ya wajaba a nema. Kamfanoni su bayyana irin umarnin da suke bai wa manhajojinsu. Masu tantance labarai masu zaman kansu, irin su Africa Check da Dubawa, su samu damar auna amsoshin a harsunan Afirka. A kuma hana gwamnati ko kamfani mayar da wannan fasaha makamin rufe bakin mai tambaya ta gaskiya, domin ranar da aka kama ta tana kare ƙarya, duk amanar da ta tara za ta rushe.

Darasin da ya fi girma kuwa namu ne, mu mutane. Shekara sittin masana suna kallon mai zargin maƙarƙashiya a matsayin wanda hankali ba ya isa gare shi, sai ga shi yawancinsu suna da tambayoyi na gaske da ba a taɓa zama aka amsa musu ba. Likita a asibiti, malami a aji, ɗan jarida a gidan rediyo, ɗa da ke magana da mahaifinsa, kowa zai iya yin abin da manhajar ta yi: ya tambayi mutum dalilinsa, ya saurare shi har ƙarshe, ya amince da abin da ke gaskiya a maganarsa, sannan ya amsa ainihin abin da ya tambaya. In bai san amsar ba, ya je ya nemo ta ya dawo.